Paul Bowles da mutanen Tanja da finafinansa suka bari a gefe

Akwai wani Ba'amurke mai suna Paul Bowles da ya yi zamansa a birnin Tanja na ƙasar Maroko har shekara 52, daga 1947 zuwa ranar 18 ga Nuwamban 1999 da ya mutu a can. Marubucin labarai ne kuma mai tsara kiɗa, Turawa suna ji da shi ba kaɗan ba, kuma sun yi finafinai a kan rayuwarsa ba ɗaya ba ba biyu ba, wasu tun yana raye wasu bayan ya mutu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da finafinan nan shi ne kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi, a ɗauko tsohon Bature a ajiye shi a tsakiya kamar shi ne Tanja ɗin gaba ɗaya, su kuma 'yan garin da ya ci gajiyar bakinsu da waƙoƙinsu da wahalar rayuwarsu sai a kira su kamar shaidu a kotu, kowa ya yi maganar minti biyu a kan maigida ya koma gefe. Ni a ganina labarin da ya fi cancantar fim a rayuwar mutumin nan labarin waɗancan mutanen ne, kuma har yau ba a ba shi haƙƙinsa ba.

An haife shi ranar 30 ga Disamban 1910 a unguwar Queens ta birnin Niyok, babansa likitan haƙori ne mai tsananin gaske wanda yaron ya tashi ba sa jituwa. Kiɗa ya fara koya a hannun Aaron Copland, wani mai tsara kiɗa Ba'amurke, kuma tare da shi ɗin suka fara zuwa Tanja a 1931, wata marubuciya Ba'amurkiya mazauniyar Faransa, Gertrude Stein, ita ta ba su shawarar su je can. Ya koma Amurka ya yi shekaru yana tsara kiɗa wa wasannin dandamali, har da na Tennessee Williams, ya auri Jane a 1938 wadda ita ma marubuciya ce, ya ɗan taɓa shiga jam'iyyar kwaminis ya fita, sannan a 1947 ya tattara ya koma Tanja, matar ta bi shi shekara ɗaya bayan nan.

To sai an gane wace irin Tanja ce ya tarar kafin a gane komai. A lokacin garin ba a hannun Faransa kaɗai yake ba kamar yawancin Maroko, ba kuma a hannun Sifen ba kamar yankin arewa da ke kewaye da shi, yanki ne na haɗaka da Faransa da Sifen da Ingila suka ƙulla yarjejeniya a kansa a 1923, daga baya wasu ƙasashen suka shigo, wakilin Sarkin Maroko yana nan amma hurumin sa 'yan ƙasa ne kawai. Haraji ba yawa, canjin kuɗi ba mai tambayarka, fasa-ƙwauri kamar sana'ar halak, wanda ya zo da 'yar dalarsa ko fam ɗinsa sai ya kama gida mai kyau ya ɗauki kuku da direba da mai shara, rayuwar da a ƙasarsa ko a mafarki ba zai yi ba. A daidai wannan lokacin kuma yunwa ta koro mutanen tsaunukan Rif, iyalai suna takowa a ƙafa zuwa Tanja neman burodi, yara suna kwana a maƙabarta da bakin tashar jirgin ruwa suna tonon bola. Kuma kada mu ɓoye wa juna, da yawa daga Turawan da suka cika garin a shekarun nan abin da ya kawo su shi ne arhar tabar wiwi da ake kira kif a can, da kuma samun damar yin abubuwan da dokar ƙasashensu ta hana, har da lalata da samari da yaran talakawa waɗanda yunwa ta sa ba su da bakin cewa a'a. Wannan ba sharri ba ne, su kansu sun rubuta da hannunsu. Amma in ka kalli finafinan sai ka ji ana ta begen wancan zamanin, wai Tanja ta da, garin 'yanci, garin mafarki, kuma 'yancin wa ake nufi? Na wanda ke da fasfo da dala ne, ɗan Rif da ke barci a ƙofar gidan burodi don ɗumi bai san da wani 'yanci ba.

Littafin da ya fito da Bowles duniya shi ne The Sheltering Sky na 1949, labarin wasu Amurkawa miji da mata, Port da Kit, da abokinsu, da suka sauka a Aljeriya bayan yaƙin duniya na biyu suka yi ta nutsawa kudu cikin Sahara, mijin ya kamu da taifot ya mutu a wani barikin sojan Faransa, matar ta bi ayarin raƙuma, wani daga cikin 'yan ayarin ya mayar da ita tasa ya ɓoye ta a gidansa, daga ƙarshe hankalinta ya gushe. Gaskiya mutumin ya iya rubutu, ba zan tauye shi ba, yana da wani irin sanyin alƙalami da zai ba ka labarin abin tsoro ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma Turawan da ke cikin labaransa ba ya raga musu, yana nuna su a matsayin wawaye masu girman kai da suke ganin ko'ina suka je duniya za ta buɗe musu ƙofa. Amma ka duba yadda 'yan ƙasa suke fitowa a ciki. Akwai wani gajeren labarinsa na 1947 da ya shahara, wani farfesan harsuna ya je kudu binciken yare, wasu makiyaya suka kama shi suka yanke masa harshe suka rataya masa gwangwanaye suka mayar da shi abin wasa. A irin waɗannan labaran Balarabe ko Buzu ba mutum ba ne mai uwa da uba da bashi da buri, wani haɗari ne kawai da ke jiran Bature a hanya, aikinsa a labarin shi ne ya zama sanadin rushewar baƙo. Miliyoyin masu karatu a Amurka da Turai ta wannan tagar suka fara leƙa Musulmin Arewacin Afirka, kuma abin da suka gani kenan.

Inda ya fi yin ƙoƙari a ganina shi ne The Spider's House na 1955, wanda ya ɗauko sunansa daga ayar Suratul Ankabut da ke cewa mafi raunin gidaje shi ne gidan gizo-gizo. Labarin yana faruwa a birnin Fas a 1954, bayan Faransawa sun tsige Sarki Muhammad na Biyar sun kai shi gudun hijira a 1953, gari ya ɗau zafi, 'yan jam'iyyar Istiƙlal suna gwagwarmaya, kuma a nan ya gina wani yaro Amar ɗan gidan malamai wanda bai yi boko ba, ya ba shi tunani da imani da fushi irin na mutum cikakke. To amma ko a nan ɗin ma in ka lura, abin da ke ƙona wa marubucin rai ba mulkin mallaka ba ne kaɗai, ya fi jin zafin cewa 'yan kishin ƙasa za su kawo zamani su ɓata masa tsohon Fas ɗin da yake so ya gani yadda yake tun ɗaruruwan shekaru. Mutum yana zaune da rediyonsa da motarsa da likitansa amma yana baƙin cikin ɗan gari zai samu makaranta da lantarki saboda garin zai rage kyau a ido, wannan wane irin so ne?

Bayan Maroko ta samu 'yanci a 1956 aka mayar da Tanja cikin ƙasa, sai kuma Jane ta samu shanyewar ɓarin jiki a 1957, ta yi ta jinya har ta mutu a Malaga ta ƙasar Sifen a 1973. A shekarun jinyar nan rubutunsa na kansa ya ja baya, sai ya koma wani aiki daban wanda shi ne asalin rigimar da ake yi a kansa har gobe. Yana da rikoda, sai ya riƙa zaunar da samarin gari waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba amma Allah ya ba su baki, su yi ta zuba labari da Larabcin Maroko na kan titi wanda ake kira Darija, shi kuma ya ɗauka a faifai ya juya zuwa Ingilishi ya aika Landan ko Amurka a buga. Akwai Ahmad Yakubi mai zane ɗan Fas, akwai Larbi Layashi wani mai gadi a bakin teku da ya ba da labarin rayuwarsa ta maraici da kiwo da kurkuku aka buga a 1964 da sunan aro, sai kuma babbansu Muhammad Murabit, masunci kuma ɗan dambe, wanda daga 1967 zuwa gaba aka fitar da littattafai sama da goma daga bakinsa. Ku tsaya ku yi tunanin wannan, mutum yana da littattafai sama da goma a kantunan Landan da Niyok da sunansa a bango, amma shi ba zai iya karanta ko layi ɗaya a ciki ba, ba zai iya duba ko abin da ya faɗa ne aka rubuta ba, ba zai iya karanta takardar yarjejeniyar da aka yi da kamfanin ɗab'i ba, duk abin da ya sani game da littafinsa da kuɗin littafinsa sai abin da Baturen ya gaya masa.

Shi Muhammad Shukri nasa daban ne, kuma shi ya fi ba ni tausayi ya fi kuma burge ni. An haife shi a 1935 a Rif, yana cikin yaran da yunwa ta koro, babansa mugu ne na ƙarshe, a littafinsa ya ba da labarin yadda uban ya kashe ƙaninsa a gabansa, ya tashi a titi yana sata da dako da fasa-ƙwauri da duk abin da za ka iya tunani, sai da ya kai shekara 20 sannan ya fara koyon baƙi, ya yi karatu har ya zama malamin makaranta. Shi da hannunsa ya rubuta tarihin yarintarsa da Larabcin littafi, Al-Khubz al-Hafi, wato gayan burodi. Bowles kuma duk zaman da ya yi bai iya karanta Larabcin littafi ba, don haka sai Shukri ya riƙa karanta masa yana mayarwa Sifaniyanci da Darija shi kuma yana rubutawa da Ingilishi, a haka littafin ya fara fitowa duniya a 1973 da harshen da ba na mai shi ba. Ɗahir Bin Jallun, marubuci ɗan Maroko, ya fassara shi zuwa Faransanci a 1980, na Larabcin bai fito ba sai 1982, a 1983 kuma gwamnatin Maroko ta haramta shi, haramcin bai tashi ba sai a 2000, shekara uku kacal kafin Shukri ya rasu.

Shi wannan Bin Jallun ɗin tun a 1972 ya rubuta a jaridar Le Monde yana caccakar aikin Bowles da Murabit, har ya kwatanta shi da fyaɗe, yana ganin muryar da ke cikin littattafan ta Baturen ce aka lulluɓe da jallabiyar ɗan Maroko. Shukri ma daga baya, a shekarun 1990, ya rubuta littafi sukutum a kan Bowles da zamansa a Tanja, ya zarge shi da rowa da cin haƙƙinsa na littafi, ya kuma ce mutumin Maroko yake so amma ba ya son mutanen Maroko. Masu kare Bowles suna cewa ai ba don shi ba da babu wanda zai san waɗannan mutanen, ya sa sunansu a bango bai ce shi ya rubuta ba, ya raba kuɗi da su, wasu ma a gidansa suke ci. Masu suka kuma suna cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ni ban yarda cewa ɓarawo ne kai tsaye ba, don da sata ya so yi da ya kwashe labaran ya sa sunansa ba wanda zai tuhume shi a wancan zamanin, kuma maganar Bin Jallun ma akwai raini a cikinta, kamar yana cewa wanda bai yi makaranta ba ba zai iya ƙirƙirar labari mai zurfi ba sai an ƙirƙira masa. Amma kuma ba zan yarda da cewa taimako ne zalla ba. Shi ke zaɓar wane labari za a ɗauka wane za a bari, kuma kusan kullum abin da ke fitowa shi ne kif da tsafi da guba da wuƙa da karuwanci, irin kayan da kasuwar Turai ke so daga ƙasar Musulmi, mai ba da labarin kuma yana da wayo, ya san abin da ke sa maigida murmushi, ya san wane labari ne ke kawo kuɗin cefane. Haka kuma a lokacin da nasa alƙalamin ya bushe, waɗannan littattafan ne suka riƙe sunansa a kasuwa. Kowa ya ci gajiyar kowa, sai dai ɗaya yana da fasfo da akawun a banki da lauya da abokai a kamfanonin ɗab'i, ɗayan kuma bakinsa kaɗai ya mallaka.

To wannan dambarwar ita ce ya kamata a ce finafinan sun zauna a kanta, amma me suka yi? Tun 1970 Gary Conklin ya yi fim yana bin sa a Maroko, aka yi wani a farkon shekarun 1990, aka yi wani a 1999 kan kiɗansa kawai, Daniel Young ya fitar da nasa a 2012 inda ya tattaro irin su marubuci Gore Vidal suna ba da labarinsa. Wanda ya fi shahara shi ne na Jennifer Baichwal 'yar Kanada, Let It Come Down na 1998, wanda har ya ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa. Wannan fim ɗin yana da kyau ba ƙarya, kuma ya fi sauran gaskiya, tsohon yana kwance a gado a ɗakinsa yana zuƙar tabarsa yana magana a hankali kan mutuwa da soyayya da babansa, an nuna haɗuwarsa ta ƙarshe da abokansa marubuta William Burroughs da Allen Ginsberg a Niyok a 1995, tsofaffi uku suna tuna baya, kuma darakta ta yi ƙoƙari ta ba Shukri dama ya yi magana. Sai dai tsarin fim ɗin gaba ɗaya tambaya ɗaya yake bi, wane ne ainihin Paul Bowles, me yake ɓoyewa, me ya sa ba ya buɗe cikinsa. Mutumin da ya rubuta tarihin kansa a 1972 bai faɗi komai na zuciyarsa ba har abokansa suna masa tsiya a kai, shi ne kowa ke ta zagayawa da kyamara yana roƙo ya yi magana, alhali ga mutane nan a gefe cike da magana ba a tambaye su komai ba sai ra'ayinsu a kansa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne yadda ake yi da Sharifa. Wata mata ce mai sayar da hatsi a kasuwar Tanja da Jane ta maƙale mata ta kawo ta gida suka zauna tare shekara da shekaru, kuma tun ciwon 1957 Turawan garin suke yaɗa cewa ita ta sa wa Jane guba ko ta yi mata asiri. Ba kotun da ta kama ta da laifi, ba likitan da ya tabbatar, Jane kuma mace ce da kowa ya san tana shan giya sosai ga tarin magunguna, amma duk littafi duk fim in an ambaci Sharifa sai an liƙa mata wannan zargin, hatta a tallan fim ɗin da shi ake jan mutane. Mace talaka da ba ta yi karatu ba, da ba ta da hanyar rubuta martani a jaridar kowa, an mayar da ita mayyar cikin tatsuniya don labarin ya yi daɗi. Da 'yar Faransa ce ko Ba'amurkiya aka yi wa wannan ƙazafin shekara arba'in, wallahi da tuni lauyoyi sun shiga maganar.

Sai kuma babban fim ɗin da Bernardo Bertolucci ɗan Italiya ya yi daga The Sheltering Sky a 1990, da John Malkovich da Debra Winger, wanda Bowles da kansa ya fito a ciki yana zaune a gidan shayi a Tanja yana kallon jaruman yana ba da labari, duk da daga baya ya nuna bai ji daɗin fim ɗin ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye don an ɗauki ɓangarensa na ƙarshe a Nijar, a Agadas, gidan Sidi Ka da ake kira gidan mai burodi a tsohon gari, mai adon ƙasa a bango, yana cikin wuraren da aka yi amfani da su, har yau masu yi wa baƙi jagora suna nuna shi da sunan gidan da aka yi fim. Hotunan fim ɗin suna da kyau matuƙa, rairayi da raƙuma da rawani da faɗuwar rana. Amma daga lokacin da Kit ta shiga ayari kusan magana ta ƙare a fim ɗin, mutane suna ta motsi suna surutu a bayan fage amma ba a damu mai kallo ya san me suke cewa ba, kuma wanda ya fito a matsayin Buzun da ya ɗauke ta, Eric Vu-An, ɗan rawa ne Bafaranshe. Ga kuma abin da ke faruwa a zahiri a wannan ƙasar a wannan shekarar: Buzayen da farin 1973 da na 1984 ya kashe wa dabbobi ya kora Aljeriya da Libiya suna dawowa gida suna zaune a sansanoni ba abinci ba aiki, a watan Mayun 1990 aka yi kashe-kashen Buzaye a garin Cintabaraden, daga nan tawaye ya ɓarke. Mano Dayak, wanda kamfaninsa na yawon buɗe ido ya taimaka wa Bertolucci wajen ɗaukar fim ɗin, shi da kansa ya zama ɗaya daga jagororin tawayen, ya rubuta littafi kan halin da mutanensa ke ciki a 1992, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disamban 1995, filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Wato a gefen kyamarar akwai mutumin da rayuwarsa ta fi ta Port da Kit nauyi sau goma, amma duniya ta fita daga silima da tunanin cewa Sahara wuri ne da Bature ke zuwa ya ɓata.

Abu ɗaya da ba zan taɓa hana Bowles ba shi ne aikin da ya yi a 1959. Da tallafin gidauniyar Rockefeller ya ɗauki rikoda mai nauyi ya zagaya Maroko a mota wata da watanni, tsaunuka da ƙauyuka da bakin hamada, yana ɗaukar kaɗe-kaɗen Berber da na Gnawa, waɗanda kakanninsu daga wannan ɓangaren namu na Sahara aka kwashe su, da na Andalus da waƙoƙin ibadar Yahudawan Maroko kafin yawancinsu su bar ƙasar, kusan waƙa 250, aka ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. Jami'an sabuwar gwamnati a lokacin ba su yi maraba da aikin ba, suna ganin kiɗan ƙauye abin kunya ne ga ƙasar da ke son a ce ta waye. Shi ya ga darajar abin da masu mulkin ƙasar suka raina, kuma yau jikokin makaɗan suna iya jin muryar kakanninsu saboda shi. Wannan gaskiya ce kuma dole a faɗe ta, kamar yadda dole a faɗi cewa gwamnatin Maroko ce ta haramta littafin Shukri ba Bature ba, kuma 'yan bokon ƙasar ne suka ɗauki Darija ba harshen da za a yi adabi da shi ba har sai da baƙo ya zo da rikoda. Ƙofar da Bowles ya shiga 'yan gida ne suka bar ta a buɗe.

Na san wani zai ce haba malam, fim a kan Bowles ai dole Bowles ne zai cika shi, in kana son fim ɗin Murabit ka je ka yi naka. Akwai gaskiya a ciki, amma tambayar ita ce me ya sa kuɗin yin fim kullum yake samuwa in za a yi na baƙon, an yi an sake an kuma, su kuwa masu labarin sai dai a haɗa su a jimla ɗaya. Mu ma ai mun san irin wannan, Dorugu ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth, matafiyin nan Bajamushe, zuwa Ingila a 1855 shi ya zauna ya ba wani ɗan mishan J. F. Schön labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885 da sunan Schön a bango, kuma yau in ka tambayi ɗalibai da yawa za su gaya maka Barth da Schön amma Dorugu sai an yi bincike. Fim ɗin da ya ɗauki rayuwar Bowles da gaske ba zai iya tsallake tambayar waye ya mallaki labarin da aka faɗa da baki wani ya rubuta ba, don rabin abin da ya fitar a shekaru talatin na ƙarshen rayuwarsa daga bakin wasu ya fito. Ina so in ga fim da zai zauna a ɗakin nan na Tanja da yamma, Murabit yana magana rikoda tana juyawa, a nuna mana inda aka tsayar da shi, inda aka ce ya sake, inda suka yi faɗa kan kuɗi, a bi shi gida a ga matarsa da 'ya'yansa da yadda unguwa ke kallon mutumin da ke kwana yana hira a gidan Nasara. A nan ne za a ga Bowles na gaskiya ma, fiye da yadda za a gan shi a gado yana falsafa.

An ɗan fara, don a 2005 Rashid Bin Haj ɗan Aljeriya ya mayar da littafin Shukri fim, Sa'id Tagmawi ya fito a matsayinsa, sai dai bai samu ko kusa da yayatawar da na Bertolucci ya samu ba, da wuya ka haɗu da wanda ya kalle shi a wajen masu bibiyar finafinan Larabawa. Shi kuwa Bowles da ya mutu ba a Tanja aka binne shi ba, ƙona gawar aka yi aka kai tokar wani ƙauye mai suna Lakemont a jihar Niyok kusa da kaburburan iyayensa. Tsohon ofishin jakadancin Amurka da ke cikin tsohon garin Tanja ya ware masa ɗakuna na tunawa, an kuma mayar da kwafin kaɗe-kaɗen 1959 Maroko, wannan abu ne mai kyau. Amma tarin takardunsa da wasiƙunsa, inda mai bincike zai duba yadda aka yi aikin fassarar da yadda aka yi maganar kuɗi da kamfanoni, suna jami'ar Delaware da jami'ar Texas, don haka ɗalibi ɗan Tanja ko matashin darakta da ke son ya binciki abin da ya faru tsakanin Bowles da Shukri da Murabit sai ya nemi bizar Amurka da kuɗin jirgi tukuna.